Wai da An Ce: Kalmomin da Suka Faɗi a Hanyar Tarihin Kano

Ka tsayar da ɗan makaranta a cikin birnin Kano, ko a Jakara ko a Yakasai ko a Mandawari, ka tambaye shi yaushe Bagauda ya zama sarki. In dai ya taɓa zama a ajin tarihi, kafin ka rufe baki zai ce maka 999. Ba za ka ji "wai" ko "an ce" ko "wajen" a bakinsa ba. Haka malaminsa ya faɗa masa, haka aka buga a littafi, haka kuma ake karantawa a jawabin taro in an zo kirarin daɗewar sarautar gari. Lambar ma tana da daɗin riƙewa: tara uku a jere, saura shekara ɗaya a cika dubu.

Abin da ba a cika gaya wa yaron ba shi ne, littafin da aka ɗauko labarin Bagauda daga cikinsa bai ambaci 999 ba. Abin da yake faɗa shi ne sarki wane ya yi shekara kaza a kan mulki, sannan wane ya gaje shi. A wasu wurare kuma, in marubucin ya iso kan abin da bai tabbatar ba, sai ya ja da baya ya ce an ce kaza, wasu kuwa sun ce kaza. Waɗannan ƙananan kalmomi na ja da baya su ma suna da nasu tarihin. Sun taso daga zaurukan malamai da bakin tsofaffi, suka shiga Larabci, daga nan aka kai su Turanci, sannan aka dawo mana da labarin cikin Hausa. A wannan doguwar tafiya ne da yawansu suka zube a hanya.

Littafin da ake magana, da Larabci aka rubuta shi, kuma sunansa yana nufin tarihin ma'abota wannan gari da ake kira Kano. Turawa suka sa masa suna Kano Chronicle, mu kuma muka saba ce masa Tarihin Kano kawai. Ya fara da mutanen Dala da Barbushe da tsafin Tsumburbura, sannan ya jero sarakuna 48 tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello ɗan Ibrahim Dabo, wanda ya rasu a 1893. A kan Bello ya tsaya, bai shiga Yaƙin Basasa na Tukurawa da Yusufawa da ya biyo baya ba. Wannan ne ya sa ake ganin a zamanin Bello aka kammala shi a siffar da muka san shi.

Dubi yadda ya rufe labarin Sarki Yaji, wanda ya ce a zamaninsa Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci. Bayan ya gama ba da labarin yaƙinsa da Santolo da fitarsa zuwa ƙasar Kwararrafa, da ya zo kan rasuwarsa sai ya kawo magana biyu: akwai masu cewa a nan Kano ya rasu, akwai masu cewa a Kwararrafa ne. Bai zaɓi ɗaya ba. Ya ajiye su gefe da gefe, ya faɗi shekarun mulkinsa 37, ya wuce. Marubucin da ke son burge mai mulki, ko yake son labarinsa ya tafi sumul, da sai ya ɗauki wadda ta fi masa daɗi ya binne ɗayar. Wannan bai yi haka ba. Ya iske ruwaya biyu, ya miƙo mana biyu.

Ba daga sama wannan ɗabi'a ta faɗo masa ba. Duk wanda ya yi karatun zaure a Kano ya san malaman hadisi sun daɗe da raba lafazin ruwaya gida biyu. Akwai sigar yankewa, inda za a ce wane ya ce, ko wane ya ruwaito. Akwai kuma wadda suke kira sigar tamridi, wato ta raunanawa, inda za a ce an ce, ko an ruwaito, ko ana ambatawa. Ibnus Salah da Imamu Nawawi duk sun yi bayanin cewa bai kamata a kawo magana mai rauni da lafazin yankewa ba. Kalmar tamridi kanta daga tushen kalmar rashin lafiya take a Larabci, kamar dai a ce mai magana yana sanar da kai cewa wannan zance da ya ɗauko yana ɗingishi, ka riƙe shi a hankali.

A fiƙihu ma haka abin yake, har ma ya fi tsanani. Unguwar Madabo, wadda ake danganta asalin malamanta da Wangarawa, ta yi suna da karantar da Mukhtasar na Shehu Halilu, kuma tun a gabatarwar littafin Halilu ya shimfiɗa wa ɗalibi ma'aunin shakkarsa. Yana da kalmar da yake sawa in malamai sun saɓa kan wace magana ce mashahuriya. Yana da wata ta daban in ya sami magana biyu bai ga wanda ya rinjayar da ɗaya ba. Yana da ta uku in malaman baya ne suka yi kai-kawo wajen naƙalto hukunci, ko suka rasa nassi daga magabata. Ɗalibin da ya yi shekaru yana bin wannan littafi layi-layi, malam na fassara masa da Hausa, ba zai fito yana ɗaukar duk magana nauyinta ɗaya ba. Ga kuma labarin da ake yawan ba almajirai, cewa an taɓa yi wa Imamu Malik tambayoyi 48 ya amsa 32 da "ban sani ba". A mazhabar da shugabanta ya yi suna da wannan amsa, cewa "Allah ne masani" a ƙarshen magana ba abin kunya ba ne ga malami.

Har a gaban alƙali ji yana da gurbinsa. Malikiyya sun yarda da abin da ake kira shaidar ji a wasu al'amura, irin su nasaba da mutuwa da hubusi da mallakar da ta daɗe a hannu. Sai dai sun kafa mata sharuɗɗa: maganar ta zama ta yaɗu a bakin amintattu da waɗanda ba su ba, zamani ya yi tsawo, kuma babu abin da ke jawo tuhuma. Wato alƙalin Kano na ƙarni na 19, da Tuhfa ta Ibnu Asim a gabansa, ya san akwai "an ce" ɗin da za a iya tabbatar wa mutum gida da shi, akwai kuma wanda ba a ko saurarensa. Muhammadu Zangi, wanda ya rubuta Taƙyidul Akhbari kan labarin jihadi a Kano a wajen 1868, alƙali ne. Masu rubuta tarihin garin da masu auna shaida a kotu, makaranta ɗaya suka yi.

To amma kafin Larabci, Hausar kanta tana da nata tsanin. A can sama akwai "da idona na gani", domin gani ya kori ji. Ƙasa da shi akwai "daga bakin wane na ji", inda mai magana ya ba ka sunan wanda za ka kama. Sai "an ce", wadda ba ta da mai ita, amma ba ta ƙaryata zancen ba. Sai "wai". Daga nan kuma sai a gangara zuwa jita-jita da shaci-faɗi da ƙanzon kurege. Bahaushe ya ce kunne ya girmi kaka, domin yana jin abin da ya faru tun kafin a haifi kakan. Amma Bahaushen da ya yi wannan karin magana shi ne kuma ya ce zato zunubi, ko da ya zama gaskiya.

"Wai" ta cancanci a ɗan dakata a kanta, domin ƙaramar kalma ce mai aiki da yawa. In yaro ya shigo ya ce "Baba, wai ka zo in ji Malam", babu shakkar komai a ciki, saƙo ne ya isar, yana nuna maganar ba tasa ba ce. In mace ta ce wa ƙawarta "wai ya ce zai dawo da kuɗin gobe", ta ja kalmar ta taɓe baki, to ta riga ta yanke hukunci cewa ba za a ga kuɗin ba. In aka ce "wani mutum wai shi Tanko", suna ake gabatarwa. In dattijo ya ce "wai ina ka shiga ne kwana biyu?", tausasa tambaya yake yi, ko kuma gajiya ce ta fara kama shi. Harafi uku ne a rubuce, amma murya ce ke rarrabe su. Wannan ya sa "wai" ta fi zama daidai a baki fiye da a takarda. Da zarar an rubuta ta, mai karatu ba ya jin muryar da aka faɗe ta da ita, sai ya zaɓar mata wadda ya ga dama.

Akwai kuma ja da baya na ladabi, wanda ba shi da alaƙa da rashin sani. Bafaden da ke gaban sarki a Gidan Rumfa, in ya ga an kusa yin kuskure, ba zai ce an yi kuskure ba. Cewa zai yi, "Ranka ya daɗe, ga alama kamar akwai wata hanya." Ƙaramin malami a gaban babba zai ce, "Allah ya gafarta Malam, kamar na taɓa ganin wani ƙaulin." Ya gani sarai, ya ma san shafin. Duk wanda ya tashi a birni ya san bambancin "kamar" ta shakka da "kamar" ta kunya, kuma wanda bai san wannan ba zai yi ta ɗaukar Bakano a matsayin mai noƙe-noƙe alhali an gama gaya masa gaskiya.

A cikin irin wannan duniya aka rubuta Tarihin Kano. Sai Turawa suka ci garin a ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Shekara biyar bayan haka, a 1908, wani jami'in mulkin mallaka mai suna H. R. Palmer, wanda daga baya ya zama Laftanan Gwamnan Jihar Arewa, ya buga fassarar littafin da Turanci a mujallar wata ƙungiyar masana ta Landan. Ya sake buga ta a 1928 a cikin littafinsa Sudanese Memoirs. A yi masa adalci: inda marubucin ya ce an ce, shi ma ya sa "it is said", inda aka ce wasu sun ce, ya bar ta haka. Bai goge ja da bayan da ke cikin nassin ba. Abin da ya yi shi ne ya ƙara wani abu a saman kowane babi, wato shekarun hawa da sauka na kowane sarki, da Hijira da Miladiyya.

Yadda ya samo su ba boyayye ba ne, lissafi ne na komawa da baya. An san lokacin da mulkin Alwali, sarki na 43, ya ƙare a hannun masu jihadi, wato wajen 1807. Sai a cire shekarun da littafin ya ba Alwali, a sami hawansa. A cire na wanda ya gabace shi, a sami nasa. Haka har a kai kan na farko. Da yake shekarun littafin na wata ne, kuma shekarar wata ta gaza ta rana da kamar kwana 11, sai a daidaita. Shi ya sa shekara 66 da aka ba Bagauda ta koma 999 zuwa 1063, wato 64, kuma 37 ɗin Rumfa ta koma 1463 zuwa 1499.

Lissafin ba shi da laifi a matsayinsa na lissafi. Amma a duba abin da ya rataya a kansa. Sai ya zama ba a tsallake sarki ko ɗaya ba a cikin shekara 800. Sai ya zama ba a taɓa samun sarakuna biyu a lokaci ɗaya ba, ba a kuma taɓa barin gadon sarauta ba kowa ba. Sai ya zama duk adadin da aka riƙe a ka, ko aka kwafa daga takarda zuwa takarda, ya iso daidai. Alhali jerin sarakunan Kano ba ɗaya ba ne. Waƙar Bagauda, wadda Mervyn Hiskett ya buga ya yi nazarinta a 1964 da 1965, tana da nata jerin, kuma a zamanin farko sunaye da shekaru sun saɓa da na littafin. Baikie, Baturen da ya zo Kano a 1862, shi ma ya tafi da wani jerin. Duk kuskuren shekara biyu ko uku da ya shiga a tsakiya, kan Bagauda zai taru, domin shi ne a ƙarshen igiya.

Ba duka shekarun ne nauyinsu ɗaya ba. Na Rumfa suna da madogara daga waje, domin Shehu Magili ya zo Kano a zamaninsa, akwai wasiƙar da ya rubuta masa mai ɗauke da shekarar 897 ta Hijira, wato 1491 zuwa 1492, kuma an san daga baya ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu wanda ya karɓi mulkin Songhai a 1493. Nan lissafin Palmer ya haɗu da shaida, ya tsaya da ƙafarsa. Amma 999 ba ta da Magilinta. Matsalar ita ce a shafin littafi duka biyun da tawada ɗaya aka buga su, da girman lamba ɗaya. Mai karatu ba shi da yadda zai gane cewa ɗaya ta kusa da "na gani", ɗayar kuma ko "an ce" ba ta kai ba, tunda ba wanda ya ce, lissafawa aka yi.

Daga nan lambobin suka kama hanya. Hukumar Fassara ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda littafinsa na biyu na 1933 ya ƙunshi Tarihin Kano da Hausa. Alhaji Abubakar Dokaji ya fitar da Kano Ta Dabo Cigari a 1958. Hogben da Kirk-Greene suka fitar da babban littafinsu kan masarautun Arewa a 1966. Labarin da da yake hannun malamai da bayin sarki da maroƙa ya shiga aji, kuma aji yana da jarrabawa, jarrabawa kuwa amsa ɗaya take so. Masana masu taka-tsantsan sukan sa ɗan harafin "c." a gaban shekarar, gutsuren wata kalmar Latin mai nufin "wajen". Harafi ɗaya ne da ɗigo. Mai kwafa na farko ya gan shi, na biyu ya ɗauka datti ne, na uku bai ma same shi ba.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan laushi, ita ce ta yadda Turanci yake ja da baya. Turancin masana yana da tarin irin waɗannan kalmomi, kuma wasunsu ma'anarsu ta juya wa lafazinsu baya. Baturen da ya rubuta "no doubt" a tsakiyar jimla, galibi ba rantsuwa yake yi ba. Nufinsa shi ne, ina kyautata zaton haka ne, ko da yake ban kawo hujja ba. In yana da hujja, kai tsaye zai faɗi maganar ba tare da wannan ƙari ba. To sai mai fassara ya zo ya mayar da ita "babu shakka" ko "ko shakka babu". A kunnen Bahaushe wannan magana ce ta wanda ya dafa ƙirji. Hasashe ya shiga ta wannan ƙofa ya fito ta waccan a matsayin tabbas, kuma ba wanda ya yi ƙarya a tsakani. Palmer kansa mutum ne mai son hasashe, musamman wajen haɗa sunayen ƙabilu da garuruwan nan da na Gabas saboda kamannin sauti. Masana na baya sun yi watsi da yawancin wannan, amma irin tunanin ya riga ya sami wurin zama a bakin mutane.

Wata sigar da ta shigo mana daga Turanci ita ce ta "one of the oldest", wadda 'yan jarida suka mayar "ɗaya daga cikin mafiya daɗewa". A Turanci mafaka ce. Mai magana yana son ya ce abu ya fi kowane daɗewa, yana kuma tsoron a kama shi, sai ya ce ɗaya ne daga cikinsu, bai faɗi ko su nawa ba ne, bai faɗi na nawa ba ne a jeri. Kunne yana jin yabo, in an zo bincike kuma ba abin da za a riƙe. Yanzu da wuya ka ji an ambaci Kasuwar Kurmi ko ganuwa ko marinar Ƙofar Mata ba tare da wannan siga ba. "An ce" ɗin tsofaffi tana gaya maka cewa akwai waɗanda aka ji daga gare su, kana iya tashi ka neme su. Wannan sabuwar ba ta tura ka wurin kowa.

Marinar Ƙofar Mata ma misali ce mai kyau. Shekarar da ake ba ta a ko'ina ita ce 1498, saura shekara ɗaya ke nan mulkin Rumfa ya ƙare a lissafin Palmer. Tarihin Kano ya lissafa wa Rumfa abubuwa goma sha biyu da ya fara, ciki har da gina gidan sarki da faɗaɗa ganuwa da kafa Kasuwar Kurmi da kakaki da sallar Idi a Shadakoko, amma marina ba ta cikin jerin. Abin da yake tabbas shi ne rini tsohuwar sana'a ce a Kano, kuma Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya iske tufafin da aka rina a nan suna kaiwa har Tambutu da ƙetaren Sahara. Marinan da suka gaji karofi daga iyaye da kakanni suna da labarinsu, kuma labari ne mai daraja. Ni dai a ganina "mun gada kaka da kakanni" ta fi 1498 gaskiya, ko da yake ba ta yi kyan allo kamarta ba.

Masana ne suka fara dawo da "an ce" wurinta. A 1968 Muhammad al-Hajj ya buga wani rubutun Larabci na 1650 zuwa 1651 mai suna Aslul Wangariyyin, wanda ya sa zuwan Shehu Abdurrahman Zaite da jama'arsa a zamanin Rumfa, ba na Yaji ba. Tazarar ta fi shekara ɗari, kuma rubutun ya girmi Tarihin Kano da muke da shi da fiye da shekara 200. A 1970 Abdullahi Smith ya rubuta maƙalarsa kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, inda ya nuna cewa birane da sarautu sun tsiro ne sannu a hankali daga ƙauyuka da kasuwanci da wuraren tsafi da ƙarfe, ba daga zuwan wani baƙo guda rana ɗaya ba. Murray Last a 1980 ya karanta babukan farko na littafin a matsayin misalai da aka lulluɓe ma'ana a cikinsu. M. G. Smith a 1983 ya tsaya wa amincin littafin. John Hunwick a 1994 ya kawo hujjojin cewa aikin ƙarshen ƙarni na 19 ne. Ba su daidaita ba, kuma ba laifi. Ko sunan marubucin ma ta hanyar ji ya iso mana: ana jingina littafin ga Malam Barka, Ɗan Rimin Kano, babban bawan sarki na wancan zamani, amma shi littafin ba ya ɗauke da sa hannun kowa.

Masu haƙa ƙasa su ma sun kawo tasu. Gwajin kimiyya da aka yi wa gawayin wata tsohuwar matoyar tama a Dala ya nuna ana narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Irin wannan gwaji ba ya ba da shekara guda tsirara. Kullum yana zuwa da ƙari ko ragi, a nan kusan shekara ɗari gaba ko baya. Wato na'urar ma da nata "wajen" take magana, kuma abin da ta faɗa ya nuna mutane sun zauna a gindin Dala ƙarnuka kafin duk wata shekara da aka lissafa wa Bagauda.

Wani zai ce duk wannan gardamar malaman jami'a ce, ba ta hana kowa cin tuwo. Sai dai an ga ranarta. A watan Mayu na 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta raba masarautar Kano, ta ɗaga Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye. A watan Mayu na 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke wannan doka. A duk tsawon rikicin, a rediyo da jarida da dandalin Facebook, tarihi ne makamin kowane ɓangare. Masu adawa da rabawar suna cewa an taɓa gadon da ya haura shekara dubu a dunƙule. Masu goyon baya suna cewa Rano tana cikin Hausa Bakwai da kanta, kuma daga Gaya maƙerin nan mai suna Kano ya taso ya zo Dala neman tama, saboda haka Gaya ta girmi birni. Kowanne yana da abin kamawa a cikin ruwayoyi. Abin da na lura da shi shi ne da wuya ka ji wani a cikinsu ya ce "an ce". Labarin Bayajida da 'ya'yan Bawo, da labarin maƙerin Gaya da Abagayawa ke bayarwa, da lissafin Palmer, duk an ɗora su a faifai ɗaya da muryar wanda ya gani da idonsa. 'Yan jaridar da ba za su taɓa rubuta cewa mutum ya yi sata ba sai sun sa "ana zargin", saboda tsoron kotu, su ne suke rubuta 999 ba ko ɗar, domin Bagauda ba zai kai ƙarar kowa ba.

Da an koma ga littafin da kowa ke jingina da shi, da an ga bai ma zaunar da Bagauda a cikin birnin da muka sani ba. Ya nuna shi yana sauka a wasu wurare yana tashi, kuma sunan da ya fi manne da shi shi ne Sheme. Ganuwar da ta mayar da Kano birni, jikansa Gijimasu ɗan Warisi aka ce ya fara ta, Tsaraki kuma ya ƙarasa, sannan Rumfa ya faɗaɗa, aka sake faɗaɗawa a zamanin Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. Yaron da muka tsayar a Yakasai yana tsaye ne a kan ƙasar da, ko a ruwayar littafin kansa, ba ganuwar da ta kewaye ta a ranar da yake cewa an naɗa Sarkin Kano na farko.